Lasisin komashal na helikwafta: yadda karatun ya kasance mini

Masu tambayata yadda ake zama matuƙin helikwafta sun yi yawa, kuma kusan kowa da tambaya ɗaya yake farawa, wai awa nawa ake yi. To wannan mai sauƙi ce. A tsarin hukumar FAA mai kula da sufurin jiragen sama a Amurka, wanda shi na bi, awa 150 ake nema kafin a ba ka lasisin komashal, wato wanda zai sa a ɗauke ka aiki a biya ka. A cikin 150 ɗin nan dole 100 ya zama kai ne shugaban jirgin, kuma shekarunka su kai 18. A Turai kuwa tsarin EASA awa 135 ne idan ka shiga makaranta ka yi shi a jere, 185 idan kashi-kashi ka yi. Amma gaskiya lissafin awa shi ne ƙaramin abu a ciki, don na ga wanda ya cika awowinsa tsaf amma malaminsa ya ƙi sa masa hannu ya je jarrabawa, kuma malamin ne da gaskiya.

Kafin ka biya ko sisi a wata makaranta ka fara zuwa wurin likitan da hukuma ta amince da shi. Ido, kunne, zuciya, hawan jini, gane launi, duk za a duba. Komashal a Amurka takardar lafiya mai daraja ta 2 yake buƙata, a Turai ta 1. Sai Turanci, don duk maganar rediyo da hasumiya da shi ake yi, kuma hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, mataki na 4 ta sa a matsayin mafi ƙaranci. Idan kai baƙo ne akwai biza ta ɗalibai da binciken TSA, hukumar tsaron sufuri ta Amurka, su ma suna cin lokaci. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa wa mutane ba, nauyin jiki. Jirgin da na koya da shi Robinson R22 ne, kujera biyu, farfela mai fiffike biyu, injin Lycoming, kuma kowace kujera fam 240 take ɗauka, kusan kilo 109, jirgin gaba ɗaya da mai da mutane kada ya wuce fam 1,370. Mai jiki sosai sai dai ya koma R44, wanda ya fi girma ya kuma fi tsada a kowace awa.

Ba a tsallakawa komashal kai tsaye, sai ka fara da lasisin firaibet, na tuƙi don kanka, wanda mafi ƙarancinsa awa 40 ne duk da yawancin mutane suna wuce haka. A nan ake koyon jirgin. Hannun dama yana kan saikilik, sandar da ke karkatar da babbar farfela gaba ko baya ko gefe. Hannun hagu yana kan kolektif, liba ce a gefen kujera, in ka ɗaga ta duk fuka-fukan su ƙara cizon iska jirgi ya hau, in ka sauke ya sauko, kuma totur yana jikinta ana murɗa shi. Ƙafafu biyu suna kan feda, su ke sarrafa ƙaramar farfelar wutsiya. Matsalar ita ce babu wanda za ka taɓa a cikinsu sauran su zauna lafiya. Ka ɗaga kolektif, inji ya ƙara ƙarfi, hancin jirgin ya nemi juyawa dama, dole ka taka fedar hagu, da ka taka farfelar wutsiya ta ƙara tura jirgin gefe, sai ka gyara da saikilik, gyaran nan kuma ya rage maka ɗagawa ka sake komawa kan kolektif, haka abin yake ta zagayawa. A jiragen Amurka farfela tana juyawa ta hannun hagu ne idan ka kalle ta daga sama, da yawa daga na Faransa kuma akasin haka, don haka ƙafar da za ka taka ma canzawa take yi.

Tsayuwa cik a iska ƙafa kaɗan daga ƙasa, wannan shi ne abin da ya fi wahalar da ni a farko, kuma kowa haka yake cewa. Kamar ka ɗora faranti cike da ruwa a kan yatsa ɗaya ne a ce kada ko ɗigo ya zuba. Malamina feda kawai ya fara ba ni, sannan kolektif, sai daga baya saikilik, kuma da ya sakar mini duka ukun jirgin ya dinga lilo gaba da baya, kowane gyara nawa yana zuwa a makare yana ƙara lilon, har sai ya ce na karɓa, ni kuma in ce ka karɓa, ya sake cewa na karɓa. Sau uku ake faɗa kullum don kada a samu lokacin da kowa yana zaton ɗayan ne ke tuƙi. Abin da ya yi ta nanata mini shi ne in daina kallon ƙasan da ke gaban ƙafata in kalli nesa, in jingina hannuna a cinya, in riƙe sandar da yatsu ba da dunƙulen hannu ba. Kuma wallahi ranar da abin ya zauna ban san me na canza ba, kawai na ga jirgin ya tsaya wuri guda kuma hannun malam yana kan gwiwarsa.

R22 yana da dokarsa ta musamman, SFAR 73, da aka kafa a 1995 bayan haɗurra sun yi yawa da shi. Ita ta ce ba za ka tashi kai kaɗai a cikinsa ba sai ka yi awa 20 tare da malami, kuma kafin ma ka taɓa sandar sai an zaunar da kai an yi maka bayanin abubuwan da ke kashe mutane a jirgin. Ɗaya daga ciki har yau ina jin sa a jikina. Idan kana hawa sai ka tura saikilik gaba da ƙarfi, za ka ji jikinka ya yi sakayau a kujera, a lokacin farfela ba ta ɗauke da nauyin jirgin, sai farfelar wutsiya ta mirgina shi dama. Abin da hannunka zai so yi shi ne ya ja hagu, kuma wannan jan ne zai sa gindin farfela ya bugi sandar da take zaune a kai, tana iya ma ɓallewa. Abin da ake yi shi ne ka ja baya a hankali tukuna nauyi ya dawo kan farfela, sannan ka gyara mirginawar. Littafin jirgin ya haramta yin wannan turawar ko da wasa, don haka da baki da tunani ake koyonsa, ka yi ta maimaitawa har ya zauna.

Na biyu shi ne gudun juyin farfela, kuma in za ka tambaye ni abu ɗaya da dukan karatun nan ya dasa mini, shi ne wannan. Akwai agogo mai allura biyu, ɗaya ta inji ɗaya ta farfela, a R22 ɗin da na tuƙa wurin kore daga kashi 101 zuwa 104 ne, in ya sauko 97 ƙararrawa ta fara ihu fitila ta kama. In ka bar shi ya faɗo wajen kashi 80 fuka-fukan sun daina ɗagawa, kuma daga nan ba ya dawowa, ko da injin yana aiki. Farfelar R22 ba ta da nauyi, don haka idan inji ya mutu lokacin da kake da shi na sauke kolektif bai kai daƙiƙa 2 ba. Babu lokacin tunani a nan, hannu ne zai yi kafin kai ya gane me ya faru.

Shi ya kawo mu otoroteshan, saukowa ba tare da inji ba. Mutane suna zaton helikwafta in injinsa ya mutu faɗowa yake yi kawai, ba haka ba ne. Akwai wani kuloci da ke sakin farfela daga inji da kansa, kai kuma ka sauke kolektif ƙasa gaba ɗaya, ka taka fedar dama, ka ɗan ja saikilik baya kada hanci ya nutse, sai iskar da ke tasowa daga ƙasa yayin da jirgin ke saukowa ta ci gaba da juya farfelar. Kana riƙe da gudun not 65, wato kusan kilomita 120 a awa, ko kusa da haka, kana saukowa fiye da ƙafa 1,000 a minti, ƙasa tana taso maka da sauri, idonka yana yawo tsakanin waje da allurar farfela da gudun jirgi. Wajen ƙafa 40 daga ƙasa ka ja baya ka ɗaga hanci don ka kashe gudun da saurin saukowar, sannan ka daidaita jirgin kada wutsiya ta bugi ƙasa, sai a ƙarshe ka ɗaga kolektif ka kashe ragowar ƙarfin da ke cikin farfela wajen sauka a hankali. Sau ɗaya tak kake da wannan ɗagawar, in ka yi ta da wuri ka cinye ta a sama. A horo yawanci ana dawo da inji a ƙarshe a tsaya a iska maimakon a taɓa ƙasa. Na farko da malam ya nuna mini cikina ya juya, ban ga komai ba sai ƙasa. A hankali abin ya fara buɗewa, na fara jin gudun farfela da kunne tun kafin in kalli allura, in sautin ya yi sama na san ta yi gudu in ɗan ɗaga liba, in ya yi ƙasa in sauke.

To bayan firaibet sai tara awowi, kuma a nan ne mutane da yawa suke ɓata kuɗinsu suna zagaye filin jirgi ɗaya. Malamina bai yarda da wannan ba, kowace awa sai da dalili. Doka ma ta nemi tafiye-tafiye, akwai ta awa 2 da rana zuwa wurin da ya wuce mil 50 na teku a miƙe, irinta kuma da dare, sai wata kai kaɗai da sauka a wurare 3, da awa 5 na dare da tashi da sauka 10. Kai za ka zana hanya a taswira, ka lissafa iska da mai, ka tabbata bayan ka isa akwai ragowar man minti 20 kamar yadda doka ta ce, duk da ni ban taɓa ganin malamin da ya yarda a tsaya a kan 20 ɗin ba. Tashin dare yana da daɗi ƙwarai amma tambayar da malam yake jefa maka kowane lokaci, in inji ya mutu yanzu ina za ka, da dare ba ta da amsa mai daɗi, don wurin da ya yi baƙi yana iya zama fili yana iya zama daji ko ruwa.

Abin da na fahimta da na shiga horon komashal sosai shi ne yawancin motsin na riga na san su, abin da ya canza shi ne an matse iyaka. Tsayin da a firaibet aka yafe maka ƙafa 200 sama ko ƙasa a tafiya, yanzu 100 ne. Otoroteshan kuma yanzu da juyawar digiri 180 ne, wurin saukar yana bayanka ko gefenka, ka sauke liba ka juyo, a cikin juyawar farfela tana ƙara gudu dole ka ɗan ɗaga, da ka miƙe ka mayar, kuma ka ƙare kusa da wurin da aka nuna maka. Iska ta canza kaɗan lissafin ya canza. Wannan ya ci mini awowi fiye da komai, kuma ban ji haushin ko ɗaya ba, don ranar da za a buƙace shi da gaske fili ɗaya ne za a samu, ƙila ma ƙarami.

Sai sauka a wuraren da ba filin jirgi ba, wanda shi ne ainihin dalilin da ya sa ake hayar helikwafta. Fili a tsakiyar bishiyoyi, ka fara zagaya shi daga sama wajen ƙafa 500, ka duba girmansa, gangarensa, me ke ƙasan, daga ina iska take, ina rana take, ta ina za ka shiga ta ina za ka fita, in abu ya lalace ina za ka nufa. Wayoyin lantarki ba a ganinsu daga sama, turakunsu ake nema, in ka ga turke biyu ka ɗauka akwai waya a tsakaninsu ko ba ka gan ta ba. Sauka a kan tsauni ita ma da nata, iska tana hawowa ta gefe ɗaya ta faɗa ta ɗayan tana murɗawa. Sauka a gangare kuwa haƙuri ne zalla, ƙafar jirgin ta ɓangaren tudu ta fara taɓawa, ka karkata saikilik wajen tudun, ka dinga sauke liba kaɗan-kaɗan har ɗaya ƙafar ta zauna, in ka ji sandar ta kai ƙarshe ƙafar ba ta taɓa ba to wurin ya fi ƙarfin jirgin, ka tashi ka nemi wani. Helikwafta yana iya kifewa a kan ƙafa ɗaya cikin ƙiftawar ido, kuma maganinsa in ya fara shi ne sauke kolektif a hankali, ba jan sandar ba.

Akwai kuma tarkon saukowa a tsaye. In gudunka ya yi ƙasa da not 16 zuwa 24 ɗin da farfela ke fara samun iska mai tsabta, kana saukowa fiye da ƙafa 300 a minti, kuma kana amfani da ƙarfin inji, jirgin yana iya nutsewa cikin iskar da shi kansa ya turo ƙasa, ka ƙara ɗaga liba ya ƙara nutsewa. Mun yi shi a sama can nesa da ƙasa, jirgin ya fara karkarwa sandar ta yi laushi. An koya mini fita ta gaba, an kuma nuna mini hanyar Vuichard, wani matuƙi ɗan Suwizalan, inda ake zamewa gefe a fita daga iskar da sauri.

Karatun aji ba na wasa ba ne, kada wani ya ce maka hannu kawai ake so. Yanayi, dokokin sararin sama, yadda inji da bel da kafireto ke aiki, ƙanƙarar da ke iya taruwa a kafireto ko da rana ba sanyi in akwai laima, lissafin nauyi da daidaito. Abin da ya fi shiga raina shi ne yadda zafi da tsayin wuri da laima suke sirantar da iska. Jirgin da ya ɗaga ku biyu da safe cikin sauƙi, da azahar a kan tudu zai iya kasa tsayawa a iska, kuma akwai jadawali a littafin jirgin da zai faɗa maka tun kana ƙasa. Rubutacciyar jarrabawar tambaya 100 ce, kashi 70 ake ci, kuma tana aiki wata 24.

Awa 5 na tuƙi da agogo kaɗai, an rufe maka ganin waje, su ma suna cikin sharaɗi. Ba za su mai da kai gwani ba, abin da suka yi mini shi ne sun nuna mini yadda jikina yake ƙarya. Kunnena na ciki yana rantsuwa a miƙe muke, agogo yana cewa mun karkata, kuma agogon ne da gaskiya. Tun daga nan na daina ganin hazo da girgije a matsayin abin da za a lallaɓa a wuce ta ƙarƙashinsa.

A ƙarshe-ƙarshen horon malam ya canza salo, ya koma yin kamar shi ne mai haya. Zai shigo ya ce ga ni ga kayana, na biya, ana jirana, mu tafi. Wata safiya mun shirya tafiya, na duba rahoton yanayi na ga zafin iska da ma'aunin raɓa sun kusa haɗewa a wurin da za mu, iska kuma ta kwanta, alamar hazo ke nan. Na ce ba za mu ba sai an jima. Ya haɗe rai ya ce wani matuƙin ya tashi ɗazu, ko in kira shi ne? Na san gwaji ne amma duk da haka na ji nauyin maganar a ƙirjina, don mutum ba ya son a ce ya kasa. Na ce masa ka kira shi, ni dai ba yanzu ba. Bai yaba mini ba bai ce komai ba, ya ce to kawo littafi mu yi lissafin nauyi kafin ya washe. A ganina wannan ɓangaren ya kamata makarantu su fi ba lokaci, don wanda zai biya ka gobe ba malami ba ne, ba zai san me ake nufi da ma'aunin raɓa ba, shi dai ya ga jirgi ya ga matuƙi.

Ranar jarrabawa kashi biyu ce. Mai jarrabawar da hukuma ta naɗa ya fara duba logbuk, littafin da ake rubuta awowin tashi, layi-layi da sa hannun malam, sannan tambayoyin baki na awowi. Ya daɗe a kan me lasisin ya halatta maka, don samunsa ba ya nufin ka sayi jirgi ka yi talla kana ɗaukar fasinja, wannan sai kamfani mai takardar izininsa daban, kai dai an yarda a ɗauke ka aiki. Ya ba ni tafiya in tsara, ya ƙara mini fasinja mai nauyi a tsakiyar lissafin ya ga ko zan rage mai ko zan ce a'a. Sannan muka tashi. Shiru yake, sai dai ya ce yi kaza, ya karkatar da ni zuwa wani filin da ban shirya ba, ya nuna wani ɗan sarari cikin bishiyoyi ya ce sauka can, gangare, tsayawar gaggawa, mutuwar inji ana tsaye a iska, sai otoroteshan ɗin 180. Da muka sauka na bar inji ya huce na kashe farfela ta tsaya, sannan ya miƙo mini hannu.

Yanzu ga gaskiyar da ya kamata ka sani tun kafin ka fara. Da awa 150 kusan babu mai ba ka aiki. Ɗaukar fasinja a ƙarƙashin dokar kamfanonin haya, Part 135, sai kana da awa 500, kuma kamfanoni da masu inshora da yawa 1,000 ko fiye suke nema, balle aikin kai ma'aikata rijiyoyin mai na teku ko ɗaukar marasa lafiya ko kashe gobarar daji, waɗanda jiragensu ma masu injin tabain ne. Hanyar da yawancin mutane ke bi ita ce su zama malamai su tara awowi suna koyarwa, kuma ko nan SFAR 73 ta ce ba za ka koyar a R22 ba sai kana da awa 200 a helikwafta, 50 daga ciki a shi R22 ɗin. Don haka in kana lissafin kuɗin karatu ka lissafa har 200, ka haɗa da lasisin tuƙi da agogo da na malanta, kuma ka yi ƙoƙari kuɗin su kasance a hannu kafin ka fara, don na ga abokan karatu da suka tsaya wata da watanni suna neman ciko, da suka dawo sai da suka sake biyan awowi don hannu ya dawo. Ni yanzu ina kan na malanta, na koma kujerar hagu, ina koyon yin otoroteshan ina bayani da baki a lokaci guda, da kuma yadda zan bar ɗalibi ya yi lilonsa hannuna yana kusa da sandar ba tare da na ƙwace ta da wuri ba.